Gado da Rumbunan Buji

Gado ba ya iya ganin wuri wofi, kuma bai taɓa ɓoye wannan halin ba. In ya shiga ɗaki ya ga kusurwa babu komai, sai ya tsaya yana kallonta kamar ta zage shi. Aljihunsa kullum cike da ƙusoshi da guntayen waya da marafan kwalba. Bisa rufin gidansa na Sabon Gari akwai tayoyin keke da suka mutu tun ba a haifi 'ya'yansa ba. Matarsa Safiyatu ta yi faɗa har ta gaji ta bari. In wani ya yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Ni mai tarawa ne. Haka aka yi ni. Wanda abin ya dama ya kau da kai."

Ya rasu 'yan shekarun nan. Tun daga lokacin nake jin ana ba da labarinsa a gidajen biki, kowa da ƙarin da yake yi, wasu ma ba a haife su ba sa'ad da abin ya faru. Ni na yi aiki da shi a izinin buji na Alhaji Maman Lawali, wato masana'antar kyandir, a nan Maraɗi. Shi ne shugaban ma'aikata, ni kuma nake riƙe da kantin sari a babbar kasuwa, don na yi koleji, na iya rubutu da lissafi. Sunana Atika. Abin da na gani shi zan faɗa.

An haife shi a wani ƙauye gab da Tsibiri. Ubansa Ɗanlami manomin gero ne, cikin Annan nan da ba su salla, masu riƙe da addinin kakanni. Yana da manyan rumbuna huɗu na ƙasa, kuma yana da doka a kansu. In an gama kaka aka cika rumbun gandu, sai a liƙe bakinsa da laka, maigida ya yi 'yan yanke-yankensa, shi ke nan. Ba mai buɗewa, ba mai leƙawa, har shi kansa, sai ruwa ya sauka an fita noma. Ko yara na kuka da bazara, sai dai mata su lallaɓa da ɗan abin da ke nasu ƙananan rumbuna. Gado ya sha ba mu labarin wata shekara da maƙwabtansu suka buɗe nasu da wuri. Kafin gero ya nuna sun koma cin tafasa da jiga, sun binne yara. Gidan Ɗanlami ba a binne kowa ba. Gado ya musulunta bayan ya shigo gari, kuma ba ya wasa da salla, amma wannan dokar bai baro ta a ƙauye ba.

Ya fara da ɗaukar buhu a izinin man gyaɗa, daga nan ya koyi inji. Sa'ad da fari ya kashe gyaɗa aiki ya ja baya, Alhaji ya sayo tsofaffin injinan buji daga Kano ya ɗauke shi. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kaki yana zuwa daga bakin teku cikin buhuna, fari, falle-falle kamar allo. A narka shi a babbar tukunya, a zuba cikin inji mai jerin bututu, kowane bututu da lagwani a tsakiya, ruwan sanyi na zagayawa. In ya daskare a murɗa hannu, sai buji su taso a jere. Mata su naɗe a takarda su shirya a kwali. Mutum ashirin da 'yan kai ke ci a wurin, ban da iyalansu.

A faɗi nasa na kirki. Bai taɓa fita da ko guntun buji zuwa gidansa ba. Shi ke fara zuwa, shi ke rufe ƙofa. In kaki mai zafi ya zubo wa ma'aikaci, shi ke goya shi a keke zuwa likita. Ɓarɓashin da ya faɗi ƙasa yakan durƙusa ya tsince ya mayar tukunya, yana zagin wanda ya zubar har kakansa.

Abin da ke riƙe da izinin kuwa idon Alhaji ne. Kowace safiya yakan biyo ta kanti kafin ya wuce. Ba ya tambayata komai, bango yake kallo. In kwalaye sun yi ƙasa har ana ganin tagar baya, sai ya aika wa Gado a hura tukwane biyu. In sun rufe taga, tukunya ɗaya. In sun kai rufi, a kashe wuta, maza su gyara inji, mata su zauna gida har a neme su. Kasuwa ke ja, izini na bi. Gado ya tsani makon da ba wuta. Sai ya ɗauki tsintsiya ya yi ta sharar fili kamar da ƙasar yake faɗa.

Sai siyasa ta zo. A 1991 aka yi babban Taron Ƙasa a Yamai, gari duk ya koma kunne, kowa da rediyo a kafaɗa. Jam'iyyu suka yi ta fitowa. Alhaji ya shiga ɗaya, ya canza hula, ya soma kwana a hanya. Kafin ya duƙufa, ya ji raɗe-raɗin cewa kaya za su yi tsada, sai ya zuba abin da yake da shi ya sayo kaki, ɗakin ajiya ya cika har ƙofa. Ya miƙa wa Gado makullai a gabana.

"Wannan kakin, in an bi shi a hankali, zai kai mu shekaru. Ka riƙe, Gado. Atika za ta riƙa faɗa maka yadda kasuwa take."

"In sha Allahu, Alhaji."

Ban taɓa ganin mutum ya kalli makulli yadda ya kalli waɗannan ba.

Da farko abin ya zo masa daidai. Yajin aiki ya yi yawa, yau wannan sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, gobe waccan, wuta na ɗaukewa ba sanarwa. Duk mai gidan lantarki ya koma neman buji. Kafin azahar an share kantina. Gado ya hura tukwane biyu, ya ƙara aikin yamma, yana yawo tsakanin injina yana waƙe-waƙen noma.

Ba a daɗe ba abu ya juya. Masu sayen buji malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da ma'aikatan gwamnati, ƙauye fitila suke kunnawa. Albashi ya soma maƙalewa wata da watanni, malami ya gwammace ya kwanta da wuri. Ga naira ta faɗi, kananzir da bujin Najeriya suka shigo ta Jibiya, araha kamar a ba ka kyauta. Kwalaye suka rufe taga, suka kai rufi. Direbanmu Abdu ya zo da lodi na mayar da shi, washegari ya sake zuwa na sake mayar da shi. Sannan na rufe kanti na tafi izini da kaina.

Na iske Gado kan inji, zufa har gwiwar hannu. Shef muke kiransa a izini, wato shugaba.

"Shef, a kashe wuta. Ba inda zan sa ko kwali ɗaya."

"Bakatsiniya, sannu da zuwa. An ba ki ruwa?" Haka yake tsokanata, don mu 'yan birnin Maraɗi Katsinawa ne.

"Ban zo shan ruwa ba. Ba a saye."

"Yau ba a saye."

"Jiya ma ba a saya ba. Watan jiya ma haka."

Ya goge hannu da tsumma. "Atika, ke 'yar birni ce, a kwanon awo kika san gero. Manomi ba ya tambayar wa zai ci kafin ya yi shuka. Duhu ya taɓa ƙarewa? Yadda yunwa ke dawowa haka duhu ke dawowa. Ranar da suka zo suna roƙonki, mi za ki ba su?"

"Kakin na nan a buhu, ba ya ruɓewa. Ranar da suka zo sai ka hura."

"Kaki a buhu ba wanda zai kunna shi. Kuma mutanen nan, in ce su tafi gida su ci mi?"

Na ce a riƙa aiki kwana biyu a mako, tukunya ɗaya, har kanti ya yi sauƙi. Na ce duk kwalin da ya fita in aiko a yi madadinsa, ba ƙari. Ya ce tunda yanzu dimokuraɗiyya ake yi, a tambayi jama'a.

Aka taru ƙarƙashin bedi, wato itacen dogon yaro, da ke tsakar izini. Lokacin ko rabon goro sai an ɗaga hannu. Tanimu mai kula da tukunya, wanda ya haddace duk maganganun rediyo, ya naɗa kansa shugaban taro. Ya ba ni magana, na maimaita abin da na faɗa wa Gado. Ban iya zaƙin baki ba, ban kuma gwada ba.

"Madam Koleji ta gama?" in ji Tanimu. "To, jama'a, ita kantinta buɗe yake ko an hura ko ba a hura ba. Mu ne za a ce mu zauna gida mu riƙa kallon mata na daka."

Wannan gaskiya ce, ban musa ba.

Gado ya miƙe ya ce muddin makulli na hannunsa wuta ba za ta mutu ba. Ya ce rumbunan ubansa uku na nan wofi a Tsibiri tun da gandu ya watse, wansa Talle ɗaya kawai yake cikawa. Can za a kai abin da ya yi yawa, a liƙe, a jira lokaci. Aka ɗaga hannu. Ni kaɗai ban ɗaga ba, sai wata tsohuwa mai naɗi da ba ta ji sosai. Aka yi tafi.

Na aika wa Alhaji saƙo Yamai. Amsar da ta dawo ita ce a bari sai bayan zaɓe.

Ba wanda ya kawo maganar zafi a taron nan. Kowa ya san buji ba ya son rana, shi ya sa ɗakin ajiyar izini soro ne. Amma rumbun ƙasa mai hular ciyawa sanyi gare shi kamar randa, wannan ma kowa ya sani. Abin da ya dame ni shi ne za a cinye kakin shekaru a 'yan watanni, a kan kayan da ba wanda ya ce yana so.

Duk sanyin ƙarshen 1992 kamiyon Abdu, motar ɗaukar kayanmu, na zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Tsibiri. Da rumbuna suka cika, Gado ya ari ɗaki a gidan surukansa a Jiratawa. Kafin zafi ya shigo, buhun kaki na ƙarshe ya shiga tukunya. Wuta ta mutu da kanta. Mutanen da suka ɗaga hannu don kada su zauna, sai ga su zaune ƙarƙashin bedi suna dara, ba mako ɗaya ba, kusan shekara. Ɗan abin da nake sayarwa daga kanti da soro shi ake rarrabawa, ba ya isa. Aka yi zaɓe, ɓangaren Alhaji ya ci, ya zauna Yamai jiran muƙami.

A wannan shekarar Safiyatu ta zo kanti wata rana, ta zauna kan kwali, na tambaye ta lafiya.

"Yaya Atika, tuwo sau ɗaya muke ci. Shi kuwa barci yake har da minshari. In na yi magana sai ya ce mu masu arziki ne, ba mu sani ba ne."

Na je na ce masa a ɗebo daga Tsibiri a karyar da farashi a kai kasuwannin ƙauye. Ya ce muddin akwai saura a soro ba za a taɓa abin da aka liƙe ba. Ya faɗa da murya irin ta mai ba yaro haƙuri.

A watan Janairun 1994 aka wayi gari rediyo na cewa an karya darajar kuɗinmu sefa. Duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka a rana ɗaya. Bujin Najeriya ya ɓace daga tebura, kananzir ya hau. Cikin 'yan kwanaki aka share kanti da soro, har karyayyun da nake turawa gefe. 'Yan kasuwa suka soma zuwa daga Damagaram da Tawa suna zama bakin ƙofata. Alhaji ya dawo ba muƙami, ya rame, dukiyarsa ta tafi yaƙin zaɓe. Ba shi da abin sayen kaki a sabon farashi. Izinin da duk masu ci a cikinsa ba su da komai a duniya sai abin da ke Tsibiri da Jiratawa. Amma abin da ke can ɗin ya isa ya tayar da komai, har a yi saura.

Alhaji ya rungumi Gado a tsakar izini. Tanimu na biye da shi yana kiransa Sarkin Noma. Ni ma na je.

"Shef, duhun ya dawo. Ka faɗa."

"Ƙara faɗi, kunnena na hagu ba ya ji."

"Sau ɗaya nake faɗa."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya juya ga Alhaji ya ce, "Ruwa ya sauka. Gobe a buɗe."

Muka tafi da hantsi: kamiyo cike da ma'aikata, motar Alhaji, da wani ɗan kasuwar Damagaram da ya biyo mu da tasa babbar mota don kada a riga shi. Ni ina gaba kusa da Abdu. Tun daga nesa na hango abin da ban zata ba. Rumbuna huɗu a jere bayan gida, ɗaya da hular ciyawa, uku suna walƙiya. An cire musu ciyawa an ɗora kwano, an ɗaure da waya, an danne da duwatsu.

"Abdu, wa ya sa kwano?"

"Shef ne, ranar da aka liƙe. Ya ce ciyawa na yoyo, kuma lokacin zaɓe wani na iya cinna mata wuta."

"Ka gani ba ka faɗa ba?"

"Ni tuƙi aka ɗauke ni, Yaya."

Talle na zaune kan gungume yana sassaƙa ƙotar fartanya, dattijo mai ƙarancin magana. Ya amsa gaisuwa bai tashi ba. Da muka zagaya, na lura jikin rumbunan uku ya yi duhu daga tsakiya zuwa ƙasa, yana sheƙi kamar an shafa mai. Ƙarƙashinsu yashi ya dunƙule.

Gado bai kalli ƙasa ba. Ya jingina tsani, ya hau, ya kwance waya, ya turo kwano. Ya fasa lakar baki da dutse. Ya leƙa. Muna jiran ya miƙo kwalin farko, Tanimu har ya ɗaga hannuwa. Gado ya sa hannu ciki, muka ji yana ƙwanƙwasa wani abu kamar ƙofa. Ya daɗe a haka.

"Gado, lafiya?" in ji Alhaji.

"A ba ni gatari."

Ya sara, gatari ya kafe. Ya sauko a hankali, ya zauna a ƙasa, bakinsa a buɗe. Na kama tsani.

"Mace ba ta leƙa rumbun gandu," in ji Talle.

"Baba, gero ne a ciki?"

Na hau.

Babu kwali, babu buji. Abu guda ne, fari mai toka-toka, a shafe kamar daɓe daga bango zuwa bango. Ta cikinsa ana hango lagwani a cukurkuɗe kamar saiwar ciyawa, da takardunmu na naɗi, da ƙaiƙayin tsohon gero. Bazara guda kwano ya yi yana dafa shi. Na sama ya narke ya gangara ya cike tsakanin kwalaye, na ƙasa ya lanƙwashe ya haɗe, sanyi ya zo ya daskarar da su wuri ɗaya. Na tsaya kan tsanin nan ina kallo. Na san matan da suka naɗe takardun nan ɗaya bayan ɗaya, wasu na tsaye a ƙasa suna kallon fuskata.

Alhaji ya ce a fasa bango, wataƙila na ƙasa ya tsira. Maza suka sa diga. Laka ta zube gefe-gefe, abin da ke ciki bai motsa ba. Ya tsaya da kansa kan duwatsu, da ciki da wuya, rumbu sak, sai dai fari. Matan gidan suka fito suka tsaya riƙe da baki.

Ɗan Damagaram ne ya fara magana. "Alhaji, ashe guda ɗaya kuka yi? To sai a nemo masa igiyar rijiya a yi lagwani, a kai filin idi kowa ya amfana." Ba wanda ya yi dariya. Ya hau motarsa ya tafi.

Aka fasa na biyu da na uku, duk ɗaya. Wajen fasa na ukun, bango ya faɗa kan na huɗu mai gero ya tsaga shi daga wuya har gindi.

Gado ya juya ga wansa. "Yaya, ba ka ga komai ba?"

"Na gani. Tun bazara yake zufa. Matata Kande ta daɗe tana kankarar abin da ke ɗiga tana hura wuta da shi."

"Ba ka aiko ba?"

Talle ya ajiye ƙota. "Kai ka liƙe da hannunka. Rumbun da wani ya liƙe, ni in ce masa mi? Tsoho bai koya mana haka ba. Na ce in lokaci ya yi za ka zo."

Wannan amsar ta fi abin da na gani kan tsani kaɗa ni. Mutum na kallon abincin gida ashirin na ɗiga cikin yashi wata da watanni, Maraɗi na nan kusa ko a jaki, ya yi shiru don ladabi. Kuma Gado bai yi masa musu ba, kai kawai ya gyaɗa. Daga baya na ji daga bakinsa cewa shi ma ya sha zuwa gaisuwa a shekarar. Yakan zauna zaure, ya hango kwano na walƙiya ta saman danga, ya koma gari da farin ciki. Bai taɓa zagayawa baya ba, don ubansu ya ce yawan kallon rumbu na rage albarkarsa.

A Jiratawa ba mu sha wahalar fasa bango ba. Ɗakin duk kwano ne, jiki da rufi. Kaki ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shige yashin tsakar gida. Surukarsa ta ce ta ɗauka haka kayan izini ke yi. Ƙofa ta ƙi buɗuwa sai da aka ɓalle ta. Alhaji bai ma fito daga mota ba.

Mun gwada ceto. Aka yi ta sara da gatari ana kawowa a buhu, a narka, a tace da tsohon gidan sauro. Fiye da rabi ya tafi a laka da yashi da takarda. Lagwani ya ƙare, sabo ya yi tsada, aka murɗa zaren saƙa. Bujin da ya fito launin ƙasa ne, yana tartsatsi, yana hayaƙi, yana warin ɓera. Na sa a kanti. Wadda ta fara saye ta dawo da shi washegari ta ce ya ƙona mata tabarma. Kafin mu gyara hannu kayan Najeriya sun dawo kasuwa, masu jira bakin ƙofata sun watse. Alhaji ya sayar da injina ga wani mutumin Katsina. Bai kai Gado ƙara ba, bai kuma sake yi masa magana ba har Allah ya ɗauki ran Alhajin.

Gado ya koma gyaran fitilu da risho a bakin tasha, a nan ya tsufa. Tanimu ya tafi Legas bai dawo ba. Matan naɗi wasu suka kama ƙuli-ƙuli, wasu aikatau. Ni na samu koyarwa a wata lakwal mai zaman kanta a unguwar Zariya. Nakan biya ta wurinsa, mu gaisa, mu yi faɗa kan abu ɗaya. Shi yana cewa kwano ne kuskuren, da ya bar ciyawa da yau ana yi masa kirari. Ni ina cewa kuskuren tun ƙarƙashin bedi aka yi shi, ranar da aka ci gaba da hura wuta ba mai saye, don da kakin na buhu da ba abin da ya same shi. Bai taɓa yarda ba, ni ma ban sassauta ba.

Amma wannan daga baya ne. Ranar da aka zo ɗaukar injina zafi ya soma, duk muna tsakar izini muna kallo ana ɗaure su da sarƙa. Mata na kuka ƙasa-ƙasa. Tanimu ya nuna Gado da yatsa.

"Ka kashe mu. Gida ashirin ka kashe, ɗan Anna."

"Kai ka ƙirga hannuwan, Tanimu," na ce. Ya harare ni ya kau da kai.

Gado ya miƙe ya karkaɗe riga. Na ɗauka gafara zai nema, kowa haka ya ɗauka. Ya ce abin da ya faru a hannunsa ya faru, ba zai ɗora wa kowa ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba, mu kuwa muna kallon juna.

"Amma akwai abin da ya fi gaggawa. Rumbu uku muka fasa, na huɗun ya tsage. Talle ba shi da inda zai zuba hatsin bana, kuma aro ya ba ni, bai ci komai ba a ciki. Ginin rumbu sai da rani, a ɗora laka a bari ta sha iska a sake ɗorawa. In ruwa ya sauka an makara. Ni kaɗai ba zan gama ba. Na san abin da na yi muku. Duk da haka ina roƙo, wanda zai iya ya zo Tsibiri ranar Lahadi da sassafe. Maza su zo da diga da kwando, mata da tulu ko bokiti. Ba ni da abincin da zan ba ku, kowa ya taho da nasa."